Ba Duk Tayar da Ta Shiga Rim Ce Tayar Motarka Ba



Yau muna so mu taɓo wata magana da da yawa daga cikinmu ke ɗauka ƙarama, alhali rayuka ne a kanta, wato sauya girman tayar mota. Duk wanda ya je sayen taya a Maiduguri cikin 'yan shekarun nan ya san yadda cinikin yake ƙarewa. Ka faɗi lambar da kake nema, mai shago ya ce babu, ko ya faɗi kuɗin da zai sa ka ja da baya. Sai ya jawo wata ya ce, "Alhaji, ga wannan, za ta shiga rim ɗinka, kuma ta fi sauƙi." Mai faci ya ɗaura, ya ba ta iska, a biya, a tafi. Tun da ta shiga kuma tana juyawa, kowa ya gamsu.

Matsayinmu a kan wannan al'ada shi ne: sauya girman taya ba laifi ba ne, wani lokaci ma shi ne daidai a irin hanyoyinmu. Amma sauyin da aka yi don araha kawai, ko don ado, ko don abin da aka samu a shago ke nan, ba tare da an duba lambobin da ke jikin taya an yi lissafi ba, ganganci ne. Kuma yawanci ba mai motar kaɗai yake biyan kuɗin gangancin ba, har da iyalinsa da fasinjan da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Mun san abin da ya kai mu nan, kuma ba za mu yi kamar ba mu sani ba. Nijeriya ta daɗe ba ta ƙera tayar mota yadda take yi a da. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙerawa a Legas a 2008. Tun daga nan kusan duk tayar da ke ƙarƙashin motocinmu da dala ake shigo da ita. Kafin watan Yunin 2023 ana canjin dala a hukumance a kan naira 460 da 'yan kai, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin dakon kaya ya tashi, ga shi Maiduguri na can ƙarshen hanya, nesa da tashar jiragen ruwa. Kafin taya ta iso hannunmu ta sha kuɗin mota tun daga Legas ko Onicha, ta biyo Kano. Sannan ga ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumbar 2024, wadda ta cinye dukiyar jama'a a Gwange da Kwastam da kewayen Monday Market da wasu unguwanni da dama, ta kuma lalata tituna da gadoji. Mutumin da ke ƙoƙarin tayar da katangar gidansa, idan aka nuna masa taya mai rangwame, ba abin mamaki ba ne ya miƙa hannu. Ba zargin kowa muke yi ba. So muke mu sani, idan dole ta sa za a sauya, ina iyakar da ba a tsallakewa.

Abu na farko shi ne mu koyi karanta taya. A gefen kowace taya akwai rubutu irin wannan: 195/65 R15 91H. Wannan girman shi ne a kan Corolla da Golf da yawa da ke yawo a garin nan. Lamba ta farko, 195, faɗin taya ne da milimita. Ta biyu, 65, tana nufin tsayin gefen taya, daga bakin rim zuwa inda take taka ƙasa, kashi 65 ne cikin ɗari na wancan faɗin, wato kusan milimita 127. Lamba 15 girman rim ne da inci. Ita kaɗai ce lambar da yawancinmu muka sani, shi ya sa za ka ji mutum ya ce "a ba ni taya sha biyar", kamar duk sha biyar ɗaya ce. Lamba 91 ita ce ta nauyi, tana nufin tayar na iya ɗaukar kilo 615. Harafin H kuma iyakar gudun da aka gwada ta a kai ne, kilomita 210 a awa.

Girman da kamfani ya tsara wa motarka yana rubuce a wata 'yar takarda da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar direba, a wasu motocin Turai kuma a cikin murfin tankin mai. A nan aka rubuta yawan iskar da ya kamata a ba ta. A lura, tayar da ka tarar a jikin mota ranar da ka saye ta ba hujja ba ce. Yawancin motocinmu na hannu ne, sun bi ta hannun mutane da yawa tun daga Turai ko Amurka ko Kwatano, kuma dillali kan ɗaura duk abin da ya samu don mota ta tsaya da ƙafa huɗu. Takardar jikin ƙofa ita ce shaida. Idan fenti ya rufe ta ko ta ɓare, duk yaron da ke da waya a gida zai iya nemo littafin motar a intanet da sunanta da shekararta.

To, idan babu wannan girman a kasuwa, ko mutum yana da dalilin sauyawa, sharuɗɗa uku ne muke ganin ba a sasantawa a kansu.

Sharaɗi na farko, tsayin taya gaba ɗaya, daga ƙasa zuwa samanta, kada ya bambanta da na asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari. Wannan ita ce iyakar da masu sana'ar taya suka saba bi a ƙasashe da yawa, kuma lissafinta ba shi da wuya. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, saboda haka rim 15 milimita 381 ne. Ka haɗa da tsayin gefe sau biyu, na sama da na ƙasa, sai ka sami kusan milimita 634 ga taya 195/65 R15. Idan aka ba ka 205/65 R15, tsayinta kusan 647, ƙarin kashi 2 ke nan, tana cikin iyaka. Idan aka ba ka 205/70 R15, tsayinta 668, ƙarin ya wuce kashi 5. Idan kuma 215/70 R15 ce, tsayinta 682, ƙarin ya haura kashi 7. Duk ukun rim 15 ne, duk ukun mai faci zai iya ɗaura su, amma ɗaya ce kaɗai ta dace.

Me ya sa wannan ɗan bambanci yake da muhimmanci? Saboda maleji ba ya ganin hanya, juyin taya yake ƙirgawa. Idan taya ta fi ta asali tsayi, kowane juyi ɗaya yana cin ƙasa fiye da yadda maleji ya sani. Da ƙarin kashi 5, idan allura na kan 100, ainihin gudunka ya kusa 105. Da ƙarin kashi 7, idan ka ga 120, kana neman 130. Gaskiya ne masu ƙera mota kan bar maleji ya ɗan nuna fiye da ainihin gudu, amma wannan ɗan rarar ba ta rufe irin wannan giɓi. Na'urar taƙaita gudu da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta tilasta wa motocin haya tun daga 2017 ita ma da wannan ƙirgen take aiki, don haka babbar taya na ruɗin ta kamar yadda take ruɗin direba. Bayan haka, babbar taya na sa mota ta yi nauyin tashi, musamman da lodi, direba ya riƙa taka totur da yawa, mai ya riƙa zurarewa a cikin gari. Birki ma aikinsa na ƙaruwa. Sannan ramin da taya ke zama a jikin mota an auna shi ne da girman asali. A shago, mota babu kowa a ciki, za ka ga akwai fili. Ranar da aka cika ta da mutane da buhuna, aka faɗa rami ko aka karya sitiyari har ƙarshe, sai taya ta riƙa gogar ƙarfe. Wannan gogar a hankali take yanka roba, ranar da za ta nuna kanta kuma ba ta yin sallama.

Sharaɗi na biyu, kuma shi ne wanda muke ganin ya fi kowanne muhimmanci a wurinmu, lambar nauyi kada ta sauka ƙasa da ta asali, ko da da ɗaya ne. Abin takaici, ita ce lambar da kusan ba wanda yake dubawa. A ɗauki misalin mai Corolla da takardar ƙofarsa ta nemi 195/65 R15 mai lamba 91, aka ba shi 185/65 R15 mai lamba 88 don ta fi araha. Ta fuskar tsayi babu matsala, ragin kashi 2 ne. Amma lamba 88 kilo 560 take ɗauka, an rage kilo 55 a kowace ƙafa, kilo 220 a mota gaba ɗaya, nauyin manyan mutane uku ke nan. Mu kuwa mun san yadda muke loda mota ranar biki ko ranar zuwa ƙauye da Salla.

A motocin haya abin ya fi muni. Bas ƙirar Hiace, wadda muke kira Homa, tayarta ta asali galibi 195 R15C ce mai lamba 106/104. Harafin C yana nufin an yi ta ne don motar kasuwanci, jikinta ya fi ƙarfi, ana kuma rubuta 8PR a kanta. Kowace ɗaya na ɗaukar kilo 950. Amma akwai tayar ƙaramar jif mai girman 195/80 R15 da lamba 96, wadda tsayinta da faɗinta daidai suke da waccan, a ido ba za ka bambanta su ba, alhali kilo 710 kawai take ɗauka. Duk wanda ya ɗaura irin wannan guda huɗu a bas ya rage ƙarfin ƙafafun motarsa da kilo 960, kusan buhu goma na masara, sannan ya shiga tasha ya yi lodin da ya saba, har da na saman but. Taya idan aka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, gefenta na lanƙwasa fiye da kima a kowane juyi, lanƙwasar na haifar da zafi, zafin kuma na raba roba da wayoyin ƙarfen da ke cikinta. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 a inuwa, kwalta kuma ta fi haka nesa ba kusa ba, ba sai an yi dogon bayani ba.

'Yan uwanmu masu Keke Napep ma abin ya shafe su. Tun da aka hana hawa babur a Maiduguri a 2011, Keke ne ke ɗauke da garin, daga ɗalibai zuwa kayan kasuwa. Tayar Keke galibi girmanta ɗaya, 4.00-8, amma ƙarfinta ba ɗaya ba ne, akwai mai 4PR akwai mai 6PR. Wanda ke dakon kaya daga Monday Market ko kasuwar Gamboru ya duba wace ce ake sayar masa.

Sharaɗi na uku, tayoyi biyun da ke gefe da gefe, na gaba biyu ko na baya biyu, dole su zama girma ɗaya. Abin da ya fi ma su zama iri ɗaya, masu shekaru ɗaya. Mun sha ganin mota a titin Baga ko Bulumkutu da ƙafafu huɗu, kowace da lambarta. Irin wannan motar tana jan hannu zuwa gefe ɗaya, kuma idan aka taka birki da gaggawa ƙafa ɗaya na kama ƙasa fiye da ɗaya. Motocin da ke da birkin ABS suna auna gudun kowace ƙafa ne su kwatanta, don haka bambancin girma na rikita musu lissafi. Motocin da ƙafafu huɗun duka ke ja, irin wasu RAV4 da Highlander da CR-V, su kam duk huɗun ne ya kamata su daidaita, in ba haka ba kayan giya da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya na cin kansu, gyaransu kuma ya ninka kuɗin taya sau da yawa. Idan kuɗin biyu kawai ake da shi, a sayi biyu masu kyau. Shawarar kamfanonin taya ita ce sababbin su koma baya, domin idan gaba ta zame direba na da sitiyari a hannunsa, idan baya ta zame kuwa mota juyawa take yi.

Yanzu bari mu saurari masu cewa akwai dalilin sauyawa, domin maganarsu ba ta banza ba ce.

Masu son doguwar taya suna cewa titunanmu ramuka ne, unguwannin bayan gari yashi ne, hanyar Dikwa zuwa Gamborun Ngala kuma idan damina ta sauka baƙar ƙasar nan ta firgi ba ta barin ƙaramar mota ta wuce, saboda haka ɗaga mota dole ne. Mun yarda da matsalar. Sai dai a yi lissafin ribar. Mota ba ta ɗaguwa da dukkan ƙarin tsayin taya, rabinsa take samu, tun da rabi yana sama. Wanda ya tashi daga 195/65 zuwa 205/70 ya ƙara milimita 34 a tsayin taya, cikin motarsa ya ɗaga da milimita 17 kacal, kamar faɗin yatsa ɗaya. Ramin da zai daki cikin mota ba faɗin yatsa ne zai hana shi ba, ruwan da zai shiga inji ma haka. A kan wannan ɗan abu aka ɓata maleji, aka ƙara shan mai, aka jawo gogar ƙarfe. Idan ana son ɗan ƙari, a tsaya cikin kashi 3, a kuma gwada da lodi, a karya sitiyari dama da hagu har ƙarshe a duba. Sau da yawa ma motar da ake kuka da ita cewa tana taɓa ƙasa, sifirin ɗinta ne ya mutu saboda lodi, gyaransa ne maganin.

Game da yashi kuwa, direbobin da suka san daji sun san rage iska na taimaka wa taya ta shimfiɗu ta wuce. Haɗarin shi ne a fito kwalta a manta ba a mayar da iskar ba. Taya mai ƙarancin iska daidai take da wadda aka yi wa lodin wuce kima, zafi ɗaya suke tarawa. Duniya ta ga wannan a shekarar 2000, lokacin da kamfanin Firestone ya janye taya miliyan 6.5 a Amurka bayan da suka riƙa ɓarewa a ƙarƙashin jif ɗin Ford Explorer, motoci na kifewa, mutane da yawa suka mutu. Matsalar ta fi tsanani a wurare masu zafi, an ma fara ganin ta a ƙasashe irin Saudiyya, kuma ƙarancin iska na cikin abubuwan da aka yi ta muhawara a kansu. Idan haka ta faru da sabuwar taya a kan titunan Amurka, ina ga tsohuwa a kan namu?

Sai matasanmu masu son babban rim mai ƙyalli da siririyar taya. A lissafi, 225/45 R17 tsayinta 634 ne, daidai da 195/65 R15, don haka ba ta karya sharaɗin farko ba. Amma gefenta ya sauka daga milimita 127 zuwa 101. Wannan gefen shi ne matashin da ke tsakanin rim da bakin rami. Idan ya yi siriri, rami ɗaya ya isa ya matse roba tsakanin ƙarfe da kwalta, taya ta yi kumburi a gefe ko rim ya lanƙwashe. Tayar da ta kumbura kuwa ba ta da faci, wayoyin cikinta ne suka tsinke. Irin wannan ado an yi shi ne don titunan da ba namu ba. Mu a ganinmu, sauyin da ya dace da Maiduguri shi ne akasin haka. Wanda Camry ɗinsa ta zo da 215/55 R17 zai iya komawa 215/60 R16, domin bambancin tsayinsu bai kai kashi 1 ba, kamfanin da kansa ya fitar da motar da girman biyu, gefen taya ya ƙaru, kuma sau da yawa ta fi sauƙin samu. Sharaɗi kawai a tabbatar ƙaramin rim ɗin bai taɓa kayan birki ba. Irin wannan shi ne sauyi da ilimi.

Sai babbar hujja, wadda ta fi kowace ƙarfi: babu kuɗi. Direban haya zai ce mai mota balas yake jira kowace yamma, ba ruwansa da lambar nauyi. Magidanci zai ce ko wannan tayar ko a jingine mota. Ba mu da amsar da za ta sa taya ta yi araha. Abin da za mu ce shi ne, tayar da ba ta kai ƙarfin motarka ba tana saurin suɗewa, don haka abin da ka rage yau za ka biya shi kafin shekara ta zagayo, idan an yi sa'a bai zo da asibiti ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Idan za a rage kuɗi, a rage a kan suna, a sayi ta kamfanin da bai yi fice ba amma mai lambobin da suka dace. Kada a rage a kan lambar nauyi.

Wannan ya kawo mu kan tayoyin Beljiyam, domin a nan ne aka fi samun sauyin girma na dole, tun da abin da kwantena ta kawo shi ake da shi. Tsohuwar taya na cikin kayan da hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su, amma kowa ya san kasuwa cike take da su. Wanda ba shi da zaɓi sai ita, to ya ƙara duba abu biyu. A gefen taya, a ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar FRSC ta daɗe tana gargaɗin cewa tayar da ta haura shekara huɗu ba abin dogaro ba ce, ko da zanenta na da kyau, domin roba tana bushewa ta tsattsage. Na biyu, da yawa daga cikin waɗannan tayoyin an yi su ne don ƙasashen ƙanƙara, za ka ga hoton dutse da ƙanƙara a jikinsu. Robarsu laushi gare ta, a zafin Borno narkewa take yi kamar man shanu. Wasu tayoyin kuma suna ɗauke da matakin jure zafi, A ko B ko C. A ce ta fi, C ce ta ƙarshe.

Wani zai ce duk wannan dogon bayani a kan taya? E, saboda mun san hanyoyin da muke bi. Daga Maiduguri zuwa Damaturu kimanin kilomita 130 ne, ta Auno, Jakana, Mainok, Beneshek da Ngamdu. Zuwa Kano kusan kilomita 600, ta Potiskum da Azare. A wasu sassan ƙasar nan, idan taya ta fashe kuma Allah ya tsare, asarar ita ce ɓata lokaci. A nan kuwa tsayuwa a daji da yamma wani haɗari ne na daban. Ba mu manta daren 9 ga Fabrairun 2020 ba, lokacin da aka kashe aƙalla mutum 30 a Auno, matafiyan da dare ya yi musu bayan an rufe hanyar shiga gari. Allah ya jiƙan su da rahama. Sanin cewa akwai lokacin rufe hanya na sa direbobi su ƙara wuta don su iso da rana. Gudu, da lodi, da zafi, da tayar da ba ta kai ba, idan suka haɗu a mota ɗaya, sai dai addu'a. Kuma fashewar taya ba ta san babba ba. Ranar 6 ga Maris ɗin 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, binciken FRSC kuma ya nuna tayar baya ce ta fashe motar na cikin gudu.

Mu masu imani ne, mun san babu mai wuce kwanansa. Amma addininmu bai ce mu jefa kanmu ko wasu cikin halaka ba, kuma duk wanda ya ɗauki mutum a motarsa ya ɗauki amana. Fasinja yana zaɓen kujera, yana cinikin kuɗin mota, amma ba ya zaɓen taya. Wani ne ya zaɓa masa, makonni kafin ya zo tasha.

Saboda haka muna da kira. Ga 'yan uwanmu masu sayar da taya, da yawanku 'yan wannan al'umma ne, tare muke sallah. Idan babu girman da aka nema, ku faɗi gaskiya cewa wannan daban ce, ku nuna wa mai saye lambar nauyi. Ɓoye aibin kaya a ciniki ba ya barin albarka a dukiya. Ga masu faci, ku ne na ƙarshe da ke taɓa taya kafin ta hau hanya, maganarku na da nauyi. Ku riƙe geji mai aiki, ku daina auna iska da bugun ƙarfe, kuma idan kun ga ba daidai ba ku ce, "Oga, wannan ba tata ba ce." Ga masu motocin haya, kada ku bar wa direba nauyin sayen taya daga ɗan abin da ya rage masa, domin me zai saya in ba mafi araha ba? Ga shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a Tashar Kano, Tashar Bama, Tashar Baga da Muna Garej, duba harafin C a jikin tayar bas kafin a fara lodi ba ya cin minti ɗaya. Ga FRSC da hukumar kula da ingancin kaya ta SON, tare direba a hanya ba ya wadatarwa idan rumbunan da ake sauke kayan suna nan ba mai leƙawa, kuma wannan karatun lambobi ya kamata a riƙa yin sa a rediyo da Hausa da Kanuri.

Ga mu kanmu kuma, taya ba ta mutuwa ba zato, tana nuna alama watanni kafin lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yadda muke adashen Salla da na kuɗin makaranta, direbobi biyar ko goma za su iya adashen taya, kowane wata mutum ɗaya ya ɗauka ya sayi biyu masu kyau, maimakon a jira ta fashe a hanya a sayi duk abin da aka samu. Kuma kowa ya buɗe ƙofar motarsa yau, ya ɗauki hoton takardar nan da waya, ya kwatanta da abin da ke rubuce a ƙafafu huɗun, har da safaya. Wanda lissafin ya ba shi wahala, ya rubuto mana lambobin biyu, ta asali da wadda ake son sayar masa, akwai bakanikai da tsofaffin direbobi a cikinmu da za su taya shi dubawa.

Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya kai kowane matafiyi gida lafiya, ya ba mu halal mai albarka, ya dawwamar da zaman lafiya a Borno da ƙasa baki ɗaya. Amin.